Bashi Hanji Ne, Yana Cikin Kowa

Wanda ake bi bashi ya fi kowa son wannan karin magana, don da shi yake kare mutuncinsa idan mai kuɗi ya tare shi a kasuwa. Kuma bai yi ƙarya ba. A ƙasar Gobir ta yau, daga Sabon Birni har Isa, da wuya ka sami gidan da ba a bi. Wani ya ranci gero da damina zai biya da kaka, gonar kuwa ba ta nomu ba saboda 'yan bindiga. Wani ya jinginar da gonar gado ya haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa. Ko Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, kuɗin fansa aka nema a kansa kafin a kashe shi a watan Agustan 2024. A irin wannan ƙasa, cin bashi ba abin kunya ba ne.

Sai dai masu iya magana ba su ce bashi hannu ne ko ƙafa ba. Hanji suka ce, abin da ke ɓoye a ciki. Idan yana lafiya ba ka ma sanin yana nan, idan ya murɗe kuwa yana iya kayar da mutum kafin na kusa da shi ya ankara.

Abin da ya sa nake wannan tunani shi ne batun wanda za a damƙa wa tsaron gari. A 2024 gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Sakkwato, unguwanni kuma suna da 'yan sintirinsu. Duk wanda ya shiga irin wannan aiki zai san hanyar da jami'ai za su bi da daren da za su fita. Mutanen yankin sun sani sarai cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma infoma ba daga sama yake faɗowa ba. Wani kwaɗayi ke kai shi. Wani kuwa bashi ne ya shaƙe shi ya rasa wanda zai gaya wa, sai na daji ya ji labari kafin na gida.

Na taɓa zama a zauren wani mai unguwa ana zaɓen matasan da za su yi sintiri. Bayan an gama tambayar asali da hali, wani dattijo ya dubi wani saurayi ya ce, "Yaro, ana bin ka bashi?" Saurayin ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma, can ya ce, "Baba, ana bi na. Kuɗin babur ne, na biya rabi." Ya faɗi mai shi, ya faɗi abin da ya rage. Aka ɗauke shi. Na biyun ya rantse ko kwabo ba a bin sa, alhali mai shagon da ke bin sa yana zaune a bakin ƙofa. Ba a ɗauke shi ba, kuma ba yawan kuɗin ya hana shi ba, don na farkon ma ya fi shi nauyin bashi.

Manyan ƙasashe ma haka suke yi. A Amurka, kafin a bar ma'aikaci ya ga sirrin gwamnati sai an binciki basussukansa, kuma wanda ya bayyana nasa yana biya a hankali yana iya wucewa, wanda ya ɓoye kuwa ƙaryar ta fi bashin ja masa. Sun ji jiki ne. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA, bashi ya dabaibaye shi, a 1985 ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Washinton ya nemi dala 50,000. Ba a kama shi ba sai 1994, bayan an kashe wasu daga cikin mutanen da ya tona.

Mu kuwa tun a makarantar allo muka san cewa ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani ta bashi ce, a Suratul Baƙara, kuma umarninta a rubuta, a kafa shaidu. Wato a fito da shi fili.

Ina roƙon hakimai da masu unguwanni su riƙa yin tambayar dattijon nan, kuma kada su kori wanda ya amsa da gaskiya. Idan talauci ya zama dalilin kora, babu wanda zai rage ya tsare Gatawa ko Isa, sauran kuma za su koyi rantsuwar ƙarya. Gwamnati ita ma ta biya alawus a kan kari, domin mai gadin da ya yi wata uku ba a biya shi ba, gobe da safe wurin mai shago zai koma ya ce a rubuta.