Hukuncin alwalar wadda shuni ya kama hannunta, da salla da tufan da aka rina a gida

Tambaya: Malam, ina rina tsofaffin zannuwana na auduga a gida, wani lokaci da shuni, wani lokaci da garin rini na kanti. Launin yakan kwana biyu a hannuna ko na wanke da sabulu. Wata maƙwabciyata ta ce alwalata ba ta yi ba, kuma ruwan rini ƙazanta ne tunda yana wari. Mene ne hukunci?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, alwalarki ta inganta, sallarki da zanen da kika rina ita ma ta inganta. Asalin rini halal ne, domin tufafi yana cikin al'adu, al'adu kuwa ba a hana su sai da dalili. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yana rini da rawaya, ya kuma kafa hujja da cewa ya ga Manzon Allah (SAW) yana yi. Hukuncin tambayarki ya rataya ne a kan bambanci guda da malaman fiƙihu suka yi tsakanin launi da abu mai jiki. Abin da Shari'a ta nema a alwala shi ne ruwa ya isa ga fata. Duk abin da ya zauna a kan fata ya zama shamaki, kamar fenti, da jan farce, da busasshen ƙullu, da kakin kyandir da masu yin zane a kan yadi ke narkawa, wajibi ne a kawar da shi. Shi kuwa launin da ya rage bayan an wanke hannu ba ya tare ruwa. Lalle ya ishe mu hujja: matan Sahabbai sun yi ƙunshi, ba a ruwaito an umarci ɗayarsu ta jira launin ya goge kafin ta yi salla ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki kankari wurin da farce; idan wani abu ya ɓamɓaro, ki cire shi, idan kuwa babu abin da ya tashi sai launi, ki yi alwalarki.

Maganar wari ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan mutane da yawa suke kuskure. Wari ba shi ne najasa ba. Ruwan karofi haɗin ganyen baba ne da toka da kanwa, a bar su kwanaki su ruɓa har launin ya tashi, kuma kowane ɗaya daga cikinsu mai tsarki ne. Ruɓewar tsiro ba ta mayar da shi najasa, in ba haka ba da daddawa ta haramta. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta rayu ƙarnoni a cikin birnin da ya cika da malaman Malikiyya, marina suna fita daga bakin karofi zuwa masallaci hannu baƙi-ƙirin da shuni. Turkuɗin Kura da ake kaiwa har Agadas ma zuba yake yi a goshin mai rawani, kuma da shi ake salla. Garin rini na kanti da sodar da ake haɗa shi da ita su ma a kan asalin tsarki suke, sai an tabbatar da najasa a cikinsu. Zato ba ya najasantar da abu.

Sai dai akwai gaskiya a kusa da maganar maƙwabciyarki da bai kamata a tsallake ba. Ruwan rini mai tsarki ne amma ba ya tsarkakewa, domin launinsa ya canja da abin da ba ya cikin asalinsa. Ba a alwala da shi, ba a kawar da najasa da shi. Don haka idan zanen yana da fitsarin yaro ko jini, tsoma shi a rini ba ya wanke shi, hasali ma najasar tana iya ɓata ruwan rinin gaba ɗaya. Ki wanke shi da tsantsar ruwa tukuna, sannan ki rina. To idan an riga an rina kafin a tuna fa? Wani zai ce ai tufan ya lalace ke nan, tunda launin da ya shiga zaren auduga ba ya fita, kuma ya shiga ne tare da najasa. Wannan bai yi daidai ba. Shehu Halil a Muhtasar ya sharɗanta gushewar ɗanɗanon najasa, ya yi rangwame a kan launi da warin da suka yi wuyar fita. Shehu Dardir, wanda ya rasu a 1201 bayan Hijira, ya kawo misalin tufan da aka rina da najasa a kan wannan mas'ala, Dasuƙi kuma ya bayyana cewa abin dubawa shi ne ruwan ɗauraya ya fita babu alamar najasa, ko da yana fita da shuɗin rini. Tushen wannan shi ne hadisin Haula 'yar Yasar a wurin Abu Dawuda, inda ta yi tambaya kan jinin haila da gurbinsa ya ƙi fita, aka ba ta amsa cewa ruwa ya wadatar, gurbin ba ya cutarwa. Idan an yafe gurbin jini, wanda shi kansa najasa ne, launin ganye ya fi cancantar a yafe shi.

Abubuwan da ke fitar da rini daga halacci daga waje suke zuwa. Idan rigar namiji ce za ki rina, ki nisanci jan da ake samu daga tsiron usfur, domin Muslim ya ruwaito hani a kansa, ko da yake malamai sun saɓa kan ko haramci ne ko karhanci. Mai takaba ba ta rina zane don ado har ta cika wata huɗu da kwana goma. Wadda kuma ta rina tsohon zane ta kai shi kasuwa a matsayin sabo ta yi algus. Sai ta faɗa wa mai saye gaskiyarsa, cinikin ya halatta. Ina kuma roƙonki ki riƙa sa safar hannu ta roba idan za ki taɓa soda, saboda tana cin fata, kuma ki ɗauke ta daga inda yara za su kai hannu. Sallolin da kika yi a baya da shuni a hannu babu ramuwa a kanki. Allah ne mafi sani.