Hannu Ya Mutu, Niyya Tana Da Rai

Ran 12 ga watan Afrilu na shekara ta 2011 wata mace a ƙasar Amurka, sunanta Cathy Hutchinson, ta sha gahawa. Mai karatu zai ce, to, shan gahawa har ya zama labari? I, ya zama. Gama matar nan ta yi shekara kusan 15 ba ta ɗaga hannu ba, ba ta taka ƙasa ba, ba ta furta kalma ba, tun ran da ciwon shanyewar jiki ya buge ta. Ran nan tana zaune cikin kekenta, an kafa wani hannu na ƙarfe a gabanta, ba a haɗe da kafaɗarta ba. Ta yi nufi a ranta, sai hannun ya miƙe, ya kama gorar gahawa, ya kawo bakinta, ta tsotsa ta bututu, ya mayar ya ajiye. Duk wanda ya ga hoton ya ga murmushin da ta yi.

Bari in faɗi yadda abin ya ke, domin kada wani ya zaci sihiri ne. Sa'anda mutum ya yi niyyar miƙa hannu, akwai wani sashe na ƙwaƙwalwarsa da ke aika umarni, kamar ɗan tartsatsin lantarki. Umarnin ya kan bi ta laka, ya bi jijiyoyi, har ya isa hannu. Idan laka ta tsinke, ko kuwa ciwo ya ɓata hanyar, sai abin ya zama kamar wayar tangaraho da iska ta yanke: mai aikawa yana ta bugawa, amma can ƙarshen layi ba wanda ya ji. Masanan Jami'ar Brown, tare da shugabansu John Donoghue, suka dasa wa matar wani ɗan abu a wannan sashe na ƙwaƙwalwa, bai kai ƙwayar masara girma ba, yana da 'yan allurai 96. Alluran su ke sauraron tartsatsin, waya ta kai wa kwamfuta. Da fari a kan sa mara lafiya ya dubi hannun ƙarfen yana motsi, shi kuma yana ɗauka a ransa nasa ne, har kwamfuta ta koyi cewa irin wannan tartsatsi nufinsa dama, wancan hagu, wancan kuma kama. Daga nan sai ta riƙa tafiyar da hannun bisa ga nufin mutumin.

Ba ita kaɗai ba ce. Tun a 2004 wani saurayi, Matthew Nagle, wanda aka soke shi da wuƙa a wuya, ya motsa alama a fuskar kwamfuta da tunani kaɗai. A 2016, a birnin Pittsburgh, Nathan Copeland ya gaisa da Shugaba Obama da hannun ƙarfe wanda ke mayar masa da jin taɓawa. A farkon 2024 kuma kamfanin Neuralink ya dasa nasa irin a kan Noland Arbaugh, ya yi ta wasan darar Turawa ba hannu.

Na ba da labarin nan a taron dattawan ekklesiyarmu. Wani dattijo, mutum mai tsoron Allah, ya girgiza kai ya ce, "Fasto, wannan ba hasumiyar Babila ba ce kuwa? Allah ya rufe ƙofa, su suna fasa bango." Ban raina maganarsa ba, gama girman kan ɗan Adam ba sabon abu ba ne. Amma na tambaye shi tabaron da ke idonsa, wa ya ba shi izinin sa shi? Muka yi dariya. Sa'an nan na tuna masa da mutanen nan huɗu cikin Markus sura 2, waɗanda suka ɗauko shanyayye, da suka rasa ƙofa suka buɗe rufin ɗaki suka zurara shi. Ubangijinmu bai tsauta musu saboda rufin ba, bangaskiyarsu ya duba. Cikin Yohanna sura 9 kuma, da almajirai suka so su san zunubin wanene ya jawo wa mutum makanta, Yesu ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa, ya buɗe idonsa. Saboda haka ni dai ban ga inda Littafi Mai Tsarki ya hana a taimaki gurgu da ƙarfe ko da waya ba. Wanda ya halicci ƙwaƙwalwa shi ya ba likita hankalin bincikenta. Wannan tambaya ba ta hana ni barci ba.

Abin da ya hana ni barci dabam ne. Ku duba fa: sa'anda aka sa alluran nan a kan matar, an tarar umarnin yana nan yana fita. Shekara da shekaru hannu bai amsa ba, amma niyya ba ta mutu ba. Na'urar ba ta ƙara mata mutunci ko na anini ba, kunne kawai ta kasa, ta ji abin da ya ke nan tun dā. Haka kuma Ann Johnson, malamar makaranta 'yar ƙasar Kanada, wadda ciwon nan ya kama a 2005 tana da shekara 30. A 2022 likitoci a San Francisco, ƙarƙashin Dokta Edward Chang, suka shimfiɗa wani ɗan faifai mai kunnuwa 253 a bisa ƙwaƙwalwarta. Tana ƙoƙarin magana, kwamfuta tana fitar da kalmomi wajen 78 a minti, har aka yi mata murya daga jawabin da ta yi ranar aurenta, wanda aka ɗauka a lokacin. Shekara 18 bakinta a rufe, ashe hankalinta, da raharta, da abin da ta ke so ta gaya wa mijinta, duk suna nan cif.

To, ina mutum ya ke zaune? Mu da bakinmu mu kan ce an halicce shi cikin kamanin Allah, amma a aikace da amfaninsa mu ke auna shi. Mai noma mutum ne, mai daka mutum ce, mai iya tashi ya yi addu'a a sujada mutum ne. Wanda ya kwanta kuwa, sai mu fara maganarsa kamar ya riga ya yi tafiya. Na faɗi wannan da kunya, gama ni ne na farko. Akwai wani tsoho cikin ekklesiyarmu, dā shi ke bi da waƙa, shekara uku ke nan ciwon ya kwantar da shi, ba hannu, ba baki. Kowane wata ni kan je gidansa. In shiga in gai da matarsa, in ce, "Mama, yaya mai jiki? Ya ci abinci? Ya yi barci?" Sa'an nan in yi addu'a a kansa, in fita. Shi kuwa yana kwance a gabana, idonsa a kaina. Shekara uku ban taɓa yi masa tambaya ko ɗaya ba. Cikin labarin mutanen nan huɗu, ku lura, Yesu bai tsaya tambayar masu ɗauka ba. Shanyayyen ya yi wa magana, ya kira shi ɗa, tun bai ta da shi ba.

Da ya ke mutumin cikakke ne a ciki, akwai hakkinsa da dole a kiyaye, ko a ɗakin likita. Wanda ba ya motsi, wani ke yi masa wanka, wani ke juya shi, ba shi da sauran asiri sai ɗaki ɗaya mai ƙofa, watau tunaninsa. Na'urorin farko niyyar motsi kaɗai su ke ji. Amma a 2025 masanan Jami'ar Stanford suka gwada da mutum 4, suka ga na'ura tana iya tsintar waɗansu kalmomin da mutum ya faɗa cikin zuciya kawai, ko da ya ke da kuskure. Su da kansu suka ga hatsarin, har suka shirya wata kalmar asiri, sai mutum ya tuna ta kana na'ura ta fara fassara. Ƙasar Chile kuwa tun 2021 ta sa kāriyar ƙwaƙwalwa da abin da ke fitowa daga cikinta a tsarin mulkinta. Wannan daidai ne. Allah ya san tunaninmu tun ba mu furta ba, amma Allah yana ƙaunarmu, ba ya kuwa sayar da abin da ya sani. Kamfani ba Allah ba ne. Mabuɗin ɗakin nan ya zauna a hannun mai ɗaki.

Har wa yau, wanda ya dasa abu cikin jikin ɗan'uwansa ya ɗauki alkawari. Kamfanin Second Sight ya sa wa makafi fiye da 350 na'urar ido mai suna Argus II, wadda ke ba su ɗan hasken gani. A 2019 ya daina yin ta, a 2020 ya kusa rushewa, aka bar mutane da na'ura a ido, ba tabbacin mai gyara in ta lalace. Wanda ya hau da makaho bisa tsani, ba ya sauka ya tafi da tsanin. Ga kuma maganar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 10 masu bukatar ƙafa ko hannun roba da makamantansu, 1 kaɗai ke samu. Saboda haka kada mu ruɗi kanmu: guragun da ke bakin ƙofar majami'armu, da waɗanda shan inna ya nakasa tun suna yara, ba hannun da ke jin tunani su ke jira a bana ba. Da yawa ko keken guragu ba su da shi, matakalar majami'a kuwa mu muka gina ta da tsawo.

Ran Alhamis da ta wuce na koma gidan tsohon nan. Na jawo kujera kusa da kansa, na ce, "Baba, ka gafarta mini. Idan kana jina, ka ƙifta ido sau ɗaya." Ya ƙifta. Muka shirya da shi, sau ɗaya i, sau biyu a'a. Mama tana tsaye bakin ƙofa, ta kama baki. Na tambaye shi ko yana jin ciwo, ya ce a'a. Ko yana so a riƙa fitar da shi inuwa da yamma, ya ce i. Na yi ta lalube, ina faɗi yana ƙi, har na kai ga Jibin Ubangiji. Nan ya ƙifta sau ɗaya, ya rufe ido, hawaye suka gangaro ta gefen kunnensa. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe mana tire a teburin Ubangiji, shekara uku ba wanda ya kawo masa gurasa da ƙoƙo, ni kuwa ne mai hakkin kawowa.

Ran Lahadi bayan sujada muka tafi da dattawa biyu, har da wanda ya yi maganar Babila. Haɗiya tana yi wa Baba wuya, sai muka jiƙa ɗan gutsuren gurasa, dattijon nan ya tallafi kansa, na sa masa a harshe. Kafin mu tashi na karanta masa sunayen waƙoƙi ɗaya ɗaya, ya ƙi huɗu, ya zaɓi ta biyar, muka rera masa ita.