Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Da wuya a yi zaman tattaunawa kan kiwo a Kaduna a watse ba wanda ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da mai maganar ke nufi galibi shi ne a yi maza a share daji, a kewaye shi da waya, a shuka ciyawa iri guda wadda aka ce tana kawo nono. A ganina an ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Mai fafe gora ya san inda ya nufa. Mu kuwa ba wanda ya san ko fari irin na 1973 ne ke tafe, ko ambaliya, ko wata cutar tsiro da ba a taɓa gani ba. Tanadin wanda bai san gobe ba shi ne kada ya kashe abin da wataƙila zai nema.

A dubi ciyawar sitailo. A shekarun 1980 masana na cibiyar binciken dabbobi ta ILCA sun koya wa makiyayan gandun kiwo na Kachiya, wajen Ladduga, su killace ɗan fili su shuka ta don shanu su samu abin ci da rani. Dabara ce mai kyau, ba a musu. Sai dai kafin nan, a shekarun 1970, wata cuta mai ƙona ganye ta faɗa wa irin sitailon da makiyayan arewacin Ostireliya suka dogara da shi, ta cinye filaye masu yawan gaske cikin 'yan shekaru. Iri ɗaya ne, rauninsa ɗaya, don haka da cutar ta samu ƙofa ba abin da ya tare ta. Dajinmu da ake wa kallon filin banza ba haka yake ba. Gamba tana da saiwa mai zurfi, ko an cinna mata wuta sai ta sake tohowa, ga zana da ake saƙawa da ita. Kyasuwa da harkiya kuwa iri suke zubarwa su jira damina. Shekarar da ta kayar da wannan, sai ta bar waccan, kuma a cikinsu zabin daji da fakara ke yin ƙwai.

Wani zai ce ai an gwada ajiye daji. Gaskiya ne. A nan Kaduna, tana hedikwatar Jihar Arewa, aka kafa dokar gandun kiwo a 1965, kuma cikin gandaye 415 da ake lissafawa a ƙasar nan, ko rabi ba a tabbatar da su a doka ba. Gonaki da gidaje sun haɗiye burtali, gari kuma na ta matsowa dajin Afaka ta wajen Mando. Amma wannan hujja ce a kan masu sakaci, ba a kan dajin ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba ni da amsarsa cikakkiya. Dajin da aka bari ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Mutanen Birnin Gwari sun ga abin da dajin Kamuku ya koma, kuma a Maris 2021 aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka. Da wane baki za a ce wa iyayensu a bar ciyawa ta yi tsawo? Iyakar abin da zan ce shi ne ba gamba ce ta kawo bindiga ba, janyewar hukuma ce, kuma share dajin ba zai dawo da ma'aikacin da ya daina sintiri ba.

Ko hakan zai gamsar da manomin da gonarsa ta yi masa kaɗan, ina shakka. Duk da haka, ina roƙon gwamnatin jiha da masanan cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika: kafin a sa tarakta a kowane gandu, a ware wani ɓangare a bar masa ciyawarsa ta asali, a shata iyakarsa a doka, a kuma biya masu gadinsa albashi kan kari.