Laifin mai nunawa ne, ko na mai kallo?

Tsakaninmu ƴan Matamaye da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa: in hoton wani a WhatsApp ya hana ka barci, laifin wa? Yawancin abokaina sun ce na mai kallo ne. Hassada ce, in ji su, maganinta kuma yana cikin zuciya. Ni dai ban yarda duka-duka ba.

Mutumin yankin Kance ya san ciwon kallon na maƙwabci tun kafin zuwan waya. Shekara da shekaru mata suna tashi daga garuruwanmu zuwa Aljeriya da yara a goye. Talauci ne ke tura su, babu shakka, amma har da ganin wance ta dawo da katifa da kwanuka, ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki na gani na faɗa. Kayan kowa ya gani. Ƙishirwar hanya da barar titi da wulaƙanci kuwa, ba a shimfiɗa su a tsakar gida. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, da dama ƴan yankinmu. Shin za mu ce hassada ce kawai ta kai su?

Abin da waya ta ƙara shi ne rashin hutu. A da sai an yi biki kake ganin sabuwar shaddar wani. Yanzu da ƙarfe biyu na dare, ba ka ci na kirki ba, kuɗin buris bai shigo ba, ga ɗan ajinku na lise tsaye gaban mota a Turkiyya. Motar wa? Oho. Hoton ba ya faɗa, kai kuma ba ka tambaya, sai ka shiga lissafin shekarunka. Masu waɗannan kafafen ma sun sani: a 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna Instagram na ƙara wa wasu ƴan mata ƙin jikinsu.

Za a ce ai nuna ni'ima godiya ce. Haka ne. Amma iyayenmu da ke rufe kwanon nama kafin yaro ya ratsa unguwa da shi, ba butulci suke yi ba. Sannan yawancin abin da muke ɗorawa, ni'imar ce ma? Aron riga, aron waya, murmushin daƙiƙa biyar. Wanda ya nuna riba ya ɓoye bashi ya faɗi rabin magana, kuma mai cin gudar ƙaryar sau da yawa abokinsa ne na ɗaki.

Akwai wata ƴar garinmu da ta daina zuwa aji wata guda cur. Ba zazzaɓi, ba rasuwa. Ta ce min kawai tana jin kowa ya wuce ta. A gida aka ce iska ce, ƙawaye suka ce yanga ce. Cikin waɗanda take ganin sun wuce ta, na san biyu da suka ci bashin jaka ɗaya a ranar da suka ɗora hoton.