Ɗana, Riƙe Bakinka Har Idonka Ya Buɗe

Ɗana, na ji an ce takardar kira ta fito, jakarka ma tana bakin ƙofa a ɗaure. Allah Ya sa alheri, Ya kai ka lafiya. Kafin mota ta cika, zo ka zauna nan gefen tabarma, don akwai maganar da ba ta cikin takardar da aka ba ka, sojan da zai koya maka fareti kuma ba aikinsa ba ne ya faɗa maka ita. In kuwa 'yata ce ke karanta wannan, ke ma da ke nake.

Mu mutanen Ƙaraye mun daɗe muna kallon baƙi irinka, domin sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano a nan yake, a Kusalla, bakin madatsar ruwa. Sau da yawa a shekara sai ka ga motoci sun yi jerin gwano, suna sauke samari da 'yan mata daga Kalaba da Anacha da Ibadan da Fatakwal, kowa da bokitinsa da gidan sauronsa, ido ya yi zuru-zuru. Waɗansunsu ba su taɓa tsallako kogin Kwara ba sai ran nan. Mako uku za su yi a ciki. Tun kafin kiran assalatu begila ke tashe su, su fito filin fareti da farar riga da farin gajeren wando, in lokacin hunturu ne iskar da ke tasowa daga kan ruwa ta ratsa su har ƙashi. Da rana a tara su a yi musu lacca, a ɗan koya musu sana'a, a koya musu “ina kwana” da “nawa ne”, da yamma mai 'yan kuɗi ya leƙa kasuwar mami ya huce gajiya. Haka ake yi a kowace jiha tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin a watan Mayun 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, da nufin ɗan kudu ya san arewa, ɗan arewa ya san kudu, ko zukata sa daina zargin juna. To yadda muke kallon 'ya'yan mutane a Kusalla, haka wasu za su kalle ka a inda za ka.

Amma kafin a san wani abu wai shi kofa, wato mai yi wa ƙasa hidima irinka, akwai baƙin da suka riga ku, kuma labarin ɗaya daga cikinsu nake so ka tafi da shi. A 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta Peace Corps, shekara uku bayan Ingila ta fara tura nata matasan a ƙarƙashin VSO. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓe su. Rukunin farko, samari da 'yan mata talatin da 'yan kai, an fara ba su horo a jami'ar Harvard, sannan aka kawo su Kwalejin Jami'a ta Ibadan su ƙarasa, kafin a rarraba su makarantun sakandare su koyar. A cikinsu akwai wata budurwa mai suna Margery Michelmore, haziƙa ce, wadda ta bar jin daɗin gida ta zo da niyyar taimako. A watan Oktoban shekarar ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gaisuwa, irin wanda ake aikawa ba ambulan. A ciki ta ce horon da aka ba su bai shirya su ga irin ƙazanta da talaucin da suka tarar ba, ta ce mutane a titi suke girki, a titi suke ciniki, har biyan buƙata a titi suke yi. Katin bai kai gidan waya ba. Ya faɗi, wani ɗalibi ya tsinta.

Kafin ka ce kwabo an kwafe shi an baza a jami'a. Ɗalibai suka yi gangami, suka ce waɗannan ba 'yan taimako ba ne, 'yan leƙen asiri ne da sabon salon mulkin mallaka, suka nemi a kore su. Jaridun Najeriya suka ɗauka, na duniya suka ɗauka. Yarinya ta ba da haƙuri, ta ajiye aiki, ta koma gida ko allo ba ta kai ga tsayawa gabansa ba. Sauran 'yan uwanta da aka ƙaurace wa sai da suka yi yajin cin abinci na 'yan kwanaki kafin ɗaliban su yarda a zauna a yi magana. Shirin da aka kashe wa dukiya da tunani ya kusa wargajewa a kan takardar da ba ta fi tafin hannu ba.

Na sha juya wannan labari a raina, kuma ban taɓa ganin yarinyar nan a matsayin muguwa ba. Ba ƙarya ta shara ba. Abin da idonta ya gani ta faɗa. Kuskurenta shi ne ta ɗauka abin da idon sabon zuwa ya gani shi ne garin. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma ba zagi ba ne, bayani ne. A makon farko ido kwata yake gani, bai ga matar da ta share ƙofar gidanta tun da asuba ba; yana ganin yaro ba takalmi, bai ga gida biyar da za su ciyar da yaron nan in uwarsa ta kwanta ciwo ba. Sannan ka tuna lokacin: shekara ɗaya kacal da samun 'yancin kai, mutane na ji da ƙasarsu kamar amarya, ga tabon raini na Turawan mulki bai warke ba. Mai gida ya san rufin ɗakinsa na yoyo, shi da kansa zai faɗa maka da dariya. Abin da ba ya jurewa shi ne ya shimfiɗa maka tabarma, ka ci tuwonsa, sannan ya ji labarin yoyon a bakin mutanen wani gari.

Ita kati ɗaya ta rubuta, kuma sai da tsautsayi ya sa ya faɗi. Kai fa, ɗana? Katinka yana aljihunka dare da rana, ba ya ma buƙatar faɗuwa, da hannunka kake miƙa wa duniya. Na ga yaran da aka tura ƙauyukan Rogo, can wajen iyakarmu da Kaduna da Katsina, ranar da suka sauka ranar suka ɗauki hoton aji mai ɓallen kwano, da yara zaune a ƙasa, suka sa a Facebook da 'yar maganar ba'a a ƙasa don abokai su yi dariya. Sun manta ɗan hedimasta ma yana da waya, ƙanin mai unguwa ma yana karatu a Zariya. Ba wanda zai tare ka ya ce don me. Mutanenmu ba haka suke yi ba, kuma ina zaton na can inda za ka ma haka ne. Gaisuwa ce kawai za ta gajarce, kwanon abincin da ake aiko maka da dare ya daina zuwa, ka shekara a gari kana mamakin abin da ya sa kowa ke maka fara'a amma ba mai gaya maka komai. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, don ko ka goge wani ya riga ya ajiye.

Kada ka ji wannan ka ce tsoho na koya maka rufa-rufa. A'a. In aji ba rufi, ba rufi ne, kuma laifi ne a kan waɗanda aka damƙa wa amanar gyara shi. Abin da nake cewa shi ne ka jira har ka san wa ya jawo, wa ya yi ta kai kuka ba a saurare shi ba, wa ya sayar da akuyarsa ya sayo alli. In ka san wannan, sai ka fara faɗa wa masu abin a gabansu, da ladabi, ka tambaye su ta ina za ka sa hannu. Ranar da aka ware muku a mako don aikin raya al'umma ai don irin wannan aka yi ta. Hoton da ka ɗauka da izinin mutane don a kawo musu kwano daban yake da wanda ka ɗauka don a ce ka sha wuya.

Su kansu Amurkawan sun ɗauki darasi. A Nijar, inda suka yi aiki daga 1962 har zuwa farkon 2011 da matsalar tsaro ta sa aka kwashe su, a shekarun baya-baya ba a otal ake ajiye sabbin zuwa ba. Garin Hamdallaye ake kai su, kusa da Yamai, a raba su gidajen mutane wata biyu zuwa uku. A raɗa wa kowa sunan gida, ya kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, ya yi wanka da bokiti, ya ci tuwo da hannu, yini guda yana fama da Hausa ko Zabarmanci, yara na yi masa dariya suna gyara masa. Sai ya iya gaisuwa da ciniki da neman taimako da harshen mutane sannan a rantsar da shi, a tura shi ƙauye a yankin Maraɗi ko Damagaram ya yi shekara biyu. Dubi hikimar: mutum ya zo da digiri, amma aka mai da shi yaron gida, wanda 'yar shekara bakwai za ta nuna wa yadda ake riƙe guga. Wanda ya sha wannan ba ya saurin raina mutane, don ya ɗanɗani zama wawa a gabansu, sun kuma rufa masa asiri.

Kai mako uku kawai za a ba ka, mafi yawansa ma a fareti zai tafi, don haka sauran horon kai za ka ba kanka. Akwai wani yaro da ya karanta aikin gona, aka turo shi nan wajenmu. Ya ga masu noman rani a gefen ruwan Challawa, wanda aka datse a farkon shekarun 1990, ya ce tazarar shukarsu ba daidai ba ce, takin ma ba haka littafi ya ce a zuba ba. Suka ce to, malam, mun gode, suka ci gaba da abinsu. Ya yi fushi, ya ce mutanen nan ba sa son ci gaba. Wani dattijo ne ya ja shi gefe ya ce ya riƙa zuwa gona da safe ya zauna kawai. Da ya zauna sai ya gane takin da littafi ya ce a zuba kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunsu, kuma sun san inda ruwa ke kwanciya a kowane fegi fiye da yadda ya san ɗakin kwanansa. Daga baya su da kansu suka riƙa kawo masa ganyen tumatir mai tsutsa suna tambaya, domin a nan kam ya fi su sani. Iliminsa bai ƙaru da komai ba a tsakani, kunne ya samu.

Sauran abubuwan ka san su, ba sai na ja ba. Ka kwana a gidan sauro, in jikinka ya yi zafi ka je asibitin sansani, kada ka yi ta maza. Akwai daren da kewar gida za ta taso maka, abincin ya ƙi shiga, ka ji kamar ka tattara ka gudu. Kada ka yanke hukunci a kan gari ko a kan kanka a irin wannan dare, bari gari ya waye. Alawus ɗin naira 77,000 da ake biya yanzu a birni ba ya kai ko'ina, amma a ƙauye ya fi abin da wani magidanci ke gani a wata, don haka kada ka yi kukan talauci a gaban wanda ya fi ka shi, kada kuma ka bar bashin mai shayi a bayanka. 'Ya'yan mutane da aka ba ka a aji amana ne. Sallarka kuma ka riƙe ta ko kai kaɗai ne mai yi a garin, ba tare da ka taɓa addinin mai masaukinka da baki ba.

Wataƙila ma wata rana tafiyar ta wuce iyakar ƙasa. Tun 1987 Najeriya ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya aikin taimako na shekara biyu a ƙasashen Afirka da tsibiran Karibiyan da na Fasifik, irin su Gambiya da Uganda da Jamaika. In rabo ya kai ka can, kai ne Margery ɗinsu: daga babbar ƙasa ka fito, da takardu a hannu, ana kallonka ana jiran a ji me za ka ce. Kuma ka san halinmu 'yan Najeriya in mun fita, ba mu iya ganin abu mu yi shiru ba, komai sai mun ce a gidanmu ya fi. Duk abin da ka furta a can ba da sunanka za a rubuta shi ba, da sunan ƙasarka za a rubuta.

Kada in yi son kai, mu masu karɓar baƙi ma da namu. Yaron da ya sauka a Kusalla a tsorace ba banza ba: uwarsa ba ta manta da 'yan hidimar ƙasa da aka kashe a Jihar Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011 ba, da kuka ta sallame shi. In ya yi kwaɓa a makon farko, kamata ya yi mu ja shi gefe kamar yadda dattijon nan ya yi, ba mu ninka masa kuɗin acaba don mun ji Hausarsa ta karkace ba. Ina faɗa wa mutanen Ƙaraye da Rogo haka a duk inda muka zauna, ina kuma roƙon Allah Ya haɗa ka da masu faɗar irinta a can.

To tashi, na ji ɗan kamasho na kira. In ka sauka, ka buga wa mahaifiyarka ka ce ka isa lafiya, an karɓe ka, ka ci abinci. Sauran labarin ka riƙe shi tukuna. Bayan wata uku, in ka iya gaida tsofaffin garin da harshensu har sun amsa ba su yi dariya ba, ka rubuto mini duk abin da ka gani, mai daɗi da marar daɗi, zan karanta. Allah Ya tsare hanya.