Kafin a Raba Kati

Idan kaka ta yi a Sabuwa, masara ta shiga buhu, aikin gona ya lafa, samari kan sami sararin zaman majalisa bayan la'asar. Cikin abubuwan da ake fitarwa a kan tabarma akwai kwalin Whot, wanda da wuya ka same shi sabo. Ya sha hannu, gefensa ya yi laushi, an ɗaure shi da roba. Duk wanda ya saba zama a irin wannan wuri ya san ba a fara wasa da rabo. Sai wani ya ƙirga katin tukuna, ya faɗi abin da ya ɓace, a tsaya a yi magana.

Cikakken kwali kati 54 ne. Mai da'ira 12, mai kusurwa uku 12, mai kuros 9, mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7, sai Whot guda biyar masu lamba 20. Babu lamba 6 ko 9 a ciki ko kaɗan. Wani Bature ne mai suna William Henry Storey ya fito da wasan a Ingila wajen 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓe shi ya yi ta bugawa. A can ya ja baya, a Najeriya kuwa ya sami gindin zama, kuma yawancin dokokin da ke sa wasan zafi a nan aka ɗora masa su: mai lamba 2 ya sa na gaba ya ɗebi biyu, 5 ya ɗebi uku, 8 a tsallake shi, 1 ka sake sakawa, 14 kowa ya tafi kasuwa.

To amma kwalin majalisa ba ya zama 54 na dogon lokaci. Iska ta ɗauke ɗaya, ƙaramin yaro ya tauna ɗaya, wani ya jiƙe da shayi. Nan ne ake zaman gyaran kwali, kuma abin ba ƙarami ba ne kamar yadda mai wucewa zai ɗauka. A ce 14 mai da'ira ne ya ɓace. Idan aka ci gaba a haka, an rage yawan tura mutane kasuwa, wasa zai riƙa ƙarewa da wuri. Idan aka yanko kwalin sabulu aka rubuta masa 14, kowa zai gane shi ta baya, mai riƙe da shi ya zama ba shi da sirri. Haka kati mai karyayyen gefe: wanda ya daɗe da kwalin ya san ko wane ne tun yana hannun abokin wasa, baƙo kuwa bai sani ba. Wasu sukan cire shi gaba ɗaya, wasu su nuna wa kowa shi tun farko don a zama daidai wajen sani. Idan mutum biyu ne kawai za su kara, akwai masu rage katin 20 daga biyar zuwa biyu ko uku, domin wanda ya dace da uku a hannu ɗaya ya gama cin wasa tun bai yi tunani ba. Ni dai ina ganin nuna karyayyen kati ga baƙo shi ne mafi kyawun abin da ake yi a wannan zama, don mai kwali ne da kansa yake ajiye fifikon da ba wanda zai kama shi da shi.

Bayan kwali sai dokoki. Ana tare 2 da 2, har na uku ya kwashi huɗu, ko ba a tarewa? Lamba 5 tana aiki, ko kati ce kamar sauran? Ana iya rufe wasa da 20? Wanda ya manta bai sanar da cewa saura masa kati ɗaya ba, nawa zai ɗiba? A wajen ƙirga, tauraro ninki biyu ne kamar yadda aka saba? Wanda ya zauna a Funtuwa ya zo da tasa dokar, ɗalibin da ya dawo hutu daga Zariya ya zo da tasa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan kati mai suna Magic: The Gathering, inda kowane ɗan wasa ke sayen katunansa ya haɗa nasa kwalin. Nan da nan aka ga cewa mai kuɗi zai iya tara kati mai ƙarfi iri ɗaya ya cika kwalinsa da shi, sai aka ƙayyade: kwali kada ya gaza kati 60, kuma kada kati iri ɗaya ya wuce huɗu, ban da na yau da kullum da ake biyan kuɗin wasa da su. Duk da haka masu wasan nishaɗi suka ƙirƙiro nasu tsarin na kati 100, kowane iri guda ɗaya tak ban da na yau da kullum ɗin, har kamfanin ya fara buga kwalaye dominsa a 2011 da sunan Commander. Kuma har yau al'adarsu ce su tattauna kafin su fara, kowa ya faɗi ƙarfin abin da ya zo da shi.

Abin lura a nan shi ne lokacin da ake yin maganar. Kafin a raba kati babu wanda ya san abin da zai faɗo hannunsa. Idan ka ce a tare 2 da 2, ba ka san ko kai za ka tare ko kai za ka kwashi shida ba, don haka abin da kake ganin adalci ne za ka faɗa. Da zarar ka ɗaga katinka ka duba, bakinka ya zama na hannunka. Wannan ba sai ga mugu ba. Mutumin kirki ma, idan yana riƙe da 20 a matsayin katinsa na ƙarshe, zai tuna da gaske cewa a unguwarsu ana rufewa da ita, kuma zai rantse bisa abin da ya yarda da shi. Shi ya sa dokar da aka kawo a tsakiyar wasa take watsa zama ko da ita ce daidai. Tun ran gini ake zane.

Akwai kuma dokar da ta fi duk waɗannan, wadda majalisar kirki ba ta sassauta ta: ba a sa kuɗi. Caca haramun ce, wannan kowa ya sani, kuma ko a kan tabarmar ana ganin dalili. Karyayyen katin da jiya aka yi wa dariya, yau da naira ɗari biyu a tsakiya ya zama sata, abokai su tashi ba sa ga maciji.

Abin da ke damuna shi ne, mu da muke ƙirga kati 54 kafin wasan da ba a cin ko sisi, mu ne muke shiga manyan lamura ba tare da mun ce uffan ba. A kafa adashi, ba a faɗi abin da za a yi wa wanda ya kwasa ya daina zubi ba. Mutum ya ba ɗan'uwansa gona da taki a kan a raba amfani, ba a ce komai ba game da shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. A wannan yanki na Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara akwai tambayar da ta fi ta ruwa nauyi: idan rashin tsaro ya hana zuwa gonar bayan an zuba taki, asarar ta wa ce? Mun san hakan na faruwa, amma kunya takan hana a tambaya, sai a ce ai tsakaninmu babu haka. Ranar da abin ya auku kowa ya riga ya ga katinsa, mai taki yana da tasa dokar, mai noma yana da tasa, sai a kwashi juna zuwa gaban mai unguwa, wanda ba ya nan lokacin da aka ƙulla.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma umarnin da ke cikinta shi ne a rubuta, a sa shaidu, tun lokacin ƙullawa. A adashi wannan na nufin uwar adashi ta karanta wa kowa sharuɗɗa kafin zubin farko: jerin kwasa, ranar zubi, da hukuncin wanda ya makara. A noman haɗin gwiwa kuma a zauna tun bazara, kafin a sayi buhun taki ko ɗaya, a faɗi rabon kowa idan an samu, a faɗi kason kowa idan an rasa, mutum biyu su shaida, a rubuta ko a bayan littafin makarantar yaro ne.