Makami Amana Ne A Hannun Mai Tsaron Gari

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, maganar da jama'a ke tattaunawa a kasuwar Jega, da rumfunan albasa na Aliero, da bakin masallatan Maiyama, ita ce ko ya kamata a ba masu tsaron gari manyan makamai irin na soja. Dalilin maganar sananne ne. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Zuru, suka kashe fiye da sittin. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka auka wa garin Mera a yankin Augie. Jihar Katsina ta kafa rundunarta ta tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, kuma a watan Fabrairu na shekarar 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka yarda a duba batun kafa 'yan sandan jihohi.

Mutane sun kasu biyu. Waɗansu na cewa mai bindigar toka ba ya iya tsayawa gaban mai bindiga ƙirar zamani, saboda haka hana shi makami tura shi ne ga halaka. Waɗansu kuwa na cewa in aka mai da ɗan doka soja, to, ran da ɓarawo ya yi nisa, talaka ne zai ga bakin bindiga. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Shari'a ba ta hana kare kai ba. Tsare rai da dukiya da mutunci yana cikin manyan abubuwan da addini ya zo dominsu, kuma hadisi ingantacce ya tabbatar da shahada ga wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa. To, amma aikin soja dabam, aikin ɗan doka dabam. Shi soja an hore shi ne ya fuskanci abokin gaba a fagen fama. Ɗan doka kuwa tsakiyar mutanensa yake aiki, watau masu laifi da marasa laifi a cuɗe, kuma iyakar aikinsa ya kama wanda ake tuhuma ya kai shi gaban alƙali. In ya haɗa kamu da hukunci da zartarwa a hannunsa shi kaɗai, ya shiga hurumin da Allah bai ba shi ba.

Akwai abin lura cikin tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shekara ta 8 bayan hijira ya aiki Halidu ɗan Walidu zuwa ga Banu Jazima, aka sami kuskuren fahimta, aka kashe waɗansu mutane ba bisa hakki ba. Da labari ya iso, Annabi bai rufe maganar don jarumtar Halidu ba. Sai ya ɗaga hannuwansa ya barranta daga wannan aiki, sa'an nan ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyyar waɗanda aka kashe da asarar dukiyarsu. Haka kuma Sayyidina Umaru ya ba wani Bamisre bulala ya rama dukan da ɗan gwamnan Masar, Amru ɗan Asi, ya yi masa. Ke nan a Musulunci kusanci da hukuma ba ya tsare kowa daga hisabi.

Dattawan ƙasar Gwandu ma ba su manta da zamanin 'yan dokan En'e ba. Sun tsare kasuwanni da ƙofofin gari, amma a shekarun siyasa na 1950 da 1960 an sha kuka a Arewa cewa ana amfani da su wajen musguna wa 'yan hamayya, har gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Waɗannan kuwa kulki ne galibin makaminsu. Ina ga wanda aka danƙa wa bindigar yaƙi?

Saboda haka abin da ya wajaba a fara tambaya shi ne, wa zai tuhumi mai makamin nan in ya yi ɓarna? Lalle ne kowane mai tsaro ya zama hukuma ta san shi da sunansa da makaminsa, hakimi da limamin garinsu sun shaidi halinsa. Lalle ne a koya masa hukuncin jini kafin a koya masa harbi, a kuma biya shi hakkinsa a kan kari don kada yunwa ta sa shi tatsar matafiya a kan hanya. Kada a kama mutum don ƙabilarsa ko kamanninsa, gama aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya da wasu mutane ta kai mumini ga barin adalci. Wanda aka zalunta kuma ya san ƙofar da zai kai ƙara ba da tsoro ba. In waɗannan sharuɗɗa sun cika, ba laifi a ƙarfafa masu tsaro gwargwadon haɗarin da ke gabansu. In ba su cika ba, an ƙara wa gari wata fitina ce a kan wadda yake ciki.

Masu ɗorin Aliero sun yi suna wajen haɗa ƙashin da ya karye, amma ran da aka fitar bisa zalunci babu mai ɗora shi, sai tsayuwa gaban Allah ranar da jini ne farkon abin da za a yi wa hukunci tsakanin bayi.

Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu wajen kare jama'a, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.